Yadda na zaɓo wa motar tserena lagireto a zafin Garwa

Mu 'yan kaɗan ne a Garwa da muke tseren miƙaƙƙiyar hanya, irin wanda mota biyu ke jerawa su tashi daga tsaye, wadda ta riga taka layi ita ta ci. Ba ma yi a kan titin jama'a. Akwai wani tsohon sansanin masu aikin hanya a bayan gari da aka bar kwalta a cikinsa, mai wurin ya ba mu izini, muka auna mita 201, wato rabin zangon mita 402 da aka saba a Amurka. Motata tsohuwar Toyota Starlet ce, irin wadda ake tasi da ita a Yawunde, na sa mata injin 4E-FTE mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, lita 1.3. Wata biyu da kuɗi masu yawa suka tafi a kan lagireto kaɗai, wanda makanikanmu a nan suka fi kira radiyatar, kuma yawancin asarar rashin sanin inda zan fara ne ya jawo ta. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya gudana daki-daki.

A ƙarshen watan Fabrairu abin ya fara. Na yi gudu biyu lafiya, na dawo a hankali na shiga layi ina jiran na uku, inji yana aiki. Ban kai minti biyar ba sai na ga allurar zafi ta haye, kafin in kashe mota tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, ruwa mai launin tsatsa yana malala a kwalta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na fi shekara ina haɗa motar nan da kuɗin da nake ragewa daga shagona. A ranar ban lura da abin da ya fi komai muhimmanci ba, wato tana tsaye ta tafasa. Da igiya muka ja ta zuwa gareji.

Washegari maigidan garejin da nake kai mota ya buɗe bonet, bai ɓata lokaci ba ya ce a cire kalorsta. Wannan ɗan ƙarfe ne da ke toshe hanyar ruwa har sai inji ya ɗauki zafi, na motata yana buɗewa a digiri 82. Ya ce, "Ƙanena, wannan na ƙasar sanyi ne, nan Garwa me zai yi maka?" Motoci da yawa da suka shigo arewa haka ake yi musu, ni ma ban musa ba. Na biya sefa 2,000, muka cika ruwa, na bar ta tana aiki a inuwa. Ta ɗan jima kafin ta ɗauki zafi, har na fara murna, amma bayan kwata na awa allura ta koma inda ta tsaya jiya. Daga baya na gane dalili. Idan inji ya kai digiri 95, kalorsta mai lafiya ya riga ya buɗe gaba ɗaya, cire shi ba ya ƙara wa lagireto ƙarfin fitar da zafi. Abin da kawai kake samu shi ne inji ya daɗe yana aiki da sanyi, yana shan mai yana cin kansa. Wanda ya maƙale a rufe shi ne ake canzawa, kuma gwada shi ba wuya: jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta ka ga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. Nawa ƙalau yake.

A rana ta uku wani yaron gareji ya lura da kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya a bakin lagireto alhali inji bai yi zafi ba. Tafasar farko ta ƙona gasket, wato shimfiɗar da ke like tsakanin kan inji da gangarsa, iskar konewar mai tana kutsawa cikin ruwa. Aka sauke kan inji, aka kai wa masu injin gogewa suka daidaita fuskarsa, aka sa sabon gasket. Kwana shida na jira, na kashe sefa 45,000. Duk wanda motarsa ta tafasa sosai ya fara duba wannan kafin ya sayi komai, domin ko lagireton tirela ka ɗaura wa injin da gasket ɗinsa ya ƙone, sai ya amayar da ruwa.

Daga nan aka tura ni wajen wani dattijo mai gyaran lagireto a wata rumfar kwano kusa da kasuwa. A gaskiya shi ya kamata in fara zuwa tun ranar farko. Na same shi da kaskon wuta, da sandar dalma, da rabin duro cike da ruwa. Na gaishe shi, na ajiye nawa, na ce, "Baba, sabo nake so, ku ba ni shawarar wanda ya fi girma." Bai amsa ba sai da ya ɗaga shi ya hanga rana ta cikinsa, ya nuna mini cewa haske ba ya wucewa ta ƙasan. Ƙurar hunturu da burbushin audugar da manyan motoci ke zubarwa a hanya sun haɗu sun like ƙananan fukafukan. Ya buɗe tankin sama, ya zura siririn ƙarfe cikin bututun ɗaya bayan ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku a toshe suke da farin dasashi kamar na gindin butar shayi. Ya tambaye ni, "Ɗana, wane ruwa kake zuba mata?" Na ce na rijiyar gidanmu. Ya ce to ga rijiyar nan a ciki. Ya wanke, ya rufe, ya toshe bakunan, ya hura iska ya nutsar da shi a duro, babu kumfa. Sefa 5,000 ya karɓa, na wuni a wurin.

Tambayar da ya yi mini kafin in tafi ita ce ta juya tunanina, ko da yake ban kama ta nan take ba. Ya ce, "A guje take tafasa ko a tsaye?" Na ce a tsaye. Ya ce idan a tsaye ne, iska ce ba ta isa, a duba fanka. Idan a guje ne a kan doguwar hanya, to lagireton ne ya yi kaɗan ko ruwa ba ya zagayawa. Na ji, amma zuciyata ta riga ta tafi ga babba.

Da wankakken lagireton motar ta gyaru, sai dai wata matsala ta taso. Na riga na sa bututun salansa na turbo wanda ya fi na asali fitowa gaba, har ya kusa taɓa fanka, robar fankar ta fara narkewa ta gefe ɗaya. Dole a sami wuri. Duk da haka na nufi kas, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, na zagaya rumfuna kusan goma a cikin rana, na sayi wani lagireto na tagulla mai layin bututu uku da aka ciro daga motar daji, a kan sefa 35,000 bayan dogon ciniki. Ban tafi da tef na awo ba, da ido na kimanta. Da muka kawo gareji ya shiga da ƙyar, amma kaurinsa ya cinye wurin fanka gaba ɗaya, bakin tiyonsa na ƙasa yana ɓangaren da ba nawa ba, ga nauyi a hancin mota. Na mayar bayan kwana biyu, babu rasit a hannuna don ban nema ba, mai kayan ya ce sai dai ya saya a wurina. Sefa 20,000 ya ba ni. Ban ga laifinsa sosai ba, ciniki ya riga ya faɗa, amma na koma gida jikina a sanyaye.

A makon ne na zauna da waya dare da dare ina karanta yadda masu wannan wasa suke yi a inda ya samo asali. A Amurka akwai ƙungiyar NHRA da Wally Parks ya kafa a Kalifoniya a 1951, ita ke tsara manyan gasanninsu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne motocin da suka fi kowa gudu a can, ajin Top Fuel, ba su da lagireto sam, babu ma ruwa a cikin injinsu. Suna ƙona wani mai da ake kira naitromitan, yawan man da ke kwarara shi ke ɗauke wani ɓangare na zafin, gudun bai kai daƙiƙa 4 ba a kan mita 305, sannan a ja motar a warware injin a sake haɗawa. Ƙananan ajujuwa kuma suna sa ɗan ƙaramin lagireto, irin na Volkswagen Scirocco ko na Honda Civic mai rabin faɗi, don rage nauyi. A nan ne maganar Baba ta zauna mini. A cikin daƙiƙa goma na gudu, ruwa da ƙarfen inji su ke haɗiye zafin, lagireto bai ma sami lokacin yin wani aiki ba. Aikinsa yana farawa ne bayan an taka birki: dawowa a hankali, tsayuwa a layi, jiran a share hanya. A duk wannan lokacin babu iskar gudu, fanka ce kaɗai ke numfasa wa mota.

Na kusa faɗawa kuskure na biyu, wato in kwaikwayi mafi ƙanƙanta da na gani a hoto. Lissafi ne ya tsayar da ni. Lagireto yana fitar da zafi gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da na iskar da ke ratsa shi. Wanda ke tsere a iska mai digiri 20, ruwansa yana 95, yana da tazarar 75. Ni a Afirilun Garwa, da rana tsaka iska tana iya kai 43, tazarata 52 ce. Lagireto ɗaya, fanka ɗaya, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi tun ban tada mota ba. Ga shi a gabansa akwai na'urar sanyaya iskar turbo, wadda ke ɗumama iskar kafin ta iso. Ƙari a kan haka, su suna da motar da ke jan ta tsere ta dawo, ni da ƙafarta take zuwa filin ta koma gida ta cikin cunkoson 'yan babur.

Batun kauri ma sai da na sake tunani. Ƙara layi a bayan layi ba ya ninka sanyi, domin iskar da ta ratsa layin farko ta riga ta yi ɗumi kafin ta kai na baya, kuma kauri yana wahalar da fanka wajen jan iska. Faɗin fuska ya fi kauri amfani idan akwai wuri. Ni wuri ne babu. Game da ƙarfen kuwa, tagulla ta fi alminiyam ɗaukar zafi, wannan gaskiya ne, kuma Baba yana iya like ta da dalma a ko'ina. Amma dalmar da ke haɗa bututu da fukafukai ba ta wuce da zafi sosai, kuma na alminiyam ana yi masa bututu masu faɗi, layi biyu su yi aikin da uku ko huɗu na tagulla ke yi, ga rashin nauyi. Aibinsa a wurinmu shi ne idan ya fashe sai mai waldar argon, kuma ba su da yawa a gari. Da motar zuwa Marwa ko Njamena ce da kaya, da tagulla zan zaɓa ba tare da shakka ba. Don tsere na tsaya a kan rabin na Civic, na alminiyam zalla, mai layi biyu, ba mai tankin roba ba.

Wannan karon na yi awo kamar tela. Na yanka kwali daidai girman da aka rubuta, na haɗa da kaurin fanka, na zura a gaban inji na rufe bonet na ga ya zauna, da tazarar yatsu uku tsakaninsa da bututun salansa. Na auna bakin tiyo, domin irin wannan lagireton yana zuwa da baki iri biyu, milimita 28 da 32, nawa 28 ne. Na ɗauki hoton inda tiyon sama da na ƙasa suke fitowa. A Garwa ban samu ba. Wani ɗan'uwa ya duba mini a Ƙofar Ruwa a Kano, ya sami masu tankin roba kawai. A ƙarshe na bi ta hannun wani dillali a Duwala da ke haɗa kayan mutane ya yi oda daga Sin. Ya ce sefa 60,000 kuɗin kaya, jirgi da duwan, wato kwastan, kuma sai an auna nauyi. Na tura rabi ta waya, na nemi ya aiko mini da takardar ciniki mai ɗauke da girman, da yawan layi, da faɗin baki. Ya ɗan yi gunaguni, amma ya aiko. Ya ce mako uku.

Mako biyar da kwana biyu aka yi. A mako na huɗu ya daina ɗaga waya na kwana uku, na kasa barci, ina ta tunanin kuɗin sun bi ruwa. Da ya kira sai ya ce kaya sun iso, kuɗin jirgi da duwan sefa 28,000. Na nemi ya buɗe kwalin ya ɗora tef a kan bakin tiyo ya ɗauko mini hoto kafin in cika sauran, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka, don mayar da kaya daga Garwa zuwa Duwala wani sabon kashe kuɗi ne. Ya sa a motar ajans, wato ta kamfanin safa, na biya 5,000, ta biyo ta Yawunde da Ngaundere, kwana uku. A tashar sun nemi katin shaidata da lambar takardar kaya da ya turo mini, na sa hannu a littafi, na jira kusan awa biyu kafin a sauke kayan saman mota. A gabansu na buɗe. An danne kusurwa ɗaya, fukafukai sun lanƙwashe kamar faɗin tafin hannu, amma bututu ba su taɓu ba.

Ban kai shi gareji ba sai da na biya ta wajen Baba. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa tankin da farce, ya duba waldar, ya nutsar a duro da iska a ciki. Babu kumfa. Ya zauna da ɗan tsinke ya miƙar da fukafukan da suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi karɓar ko dala. Ya ce kada in yarda a ɗaure shi ƙarfe da ƙarfe, a sa roba a ƙafafunsa sama da ƙasa, in ba haka ba girgizar hanyoyinmu za ta tsaga shi kafin damina ta fita. Mai waldar argon ya sa ni jiran kwana biyu saboda gas ɗinsa ya ƙare, sannan ya yi mini kunnuwan ɗauri a kan sefa 12,000.

Fanka ita ce na fi ba lokaci. Na sayi ta lantarki mai inci 12 a kan 18,000, na sa ta a baya tana jan iska, domin wadda ke gaba tana tare fuskar lagireto. Wani maƙerin kwano ya yi mini murfin da ya rufe bayan lagireton duka, da rami daidai fankar, a kan 6,000. In babu wannan murfin, fanka tana jan iska ta da'irar da take kai kawai, kusurwoyi huɗu suna zaman banza. Rabin gaban motar da ya rage a buɗe muka toshe gefensa da kwano, don iska ta bi ta cikin lagireto maimakon ta zagaye shi. Mai wayarin ya ja waya mai kauri daga batir ta cikin fis da rile, ya bar na'urar da ke kunna fanka da kanta, ya ƙara mini makunni a gaban direba don in iya barin ta tana aiki bayan na kashe inji. A gwajin farko zafi ya hau da sauri, gabana ya faɗi. Na sa takarda a gaban lagireto, maimakon ta manne sai ta tashi. An juya wayoyi biyu, fanka tana tura iskar inji waje ta gaba. Minti biyu aka ɗauka ana gyarawa. Wannan gwajin takardar kowa ya yi shi.

Saura ruwa da murfi. Na mayar da kalorsta. Na sayi murfin bakin lagireto mai matsin 1.1 a ma'aunin bar a kan 4,000, wanda ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120. Tsohon murfina robarsa ta tsage, ba ya riƙe komai, kuma ina zaton yana cikin abin da ya jawo tafasar farko. Kada a ce mai matsi mafi yawa ya fi, tsofaffin tiyo ba sa ɗauka. A filayen tsere da yawa na waje an hana koren ruwan nan na hana daskarewa, saboda idan ya zube yana sa kwalta santsi, kuma ruwa zalla ya fi shi ɗaukar zafi. Mu da ba mu san ƙanƙara ba, abin da muke bukata a cikinsa maganin tsatsa ne kawai, kuma ba a wasa da shi, don injina gangar ƙarfe ce da kan alminiyam. Na zuba tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, wanda ba shi da asid, na haɗa da maganin tsatsa. Na ɗaura gora mai lita 1 da siririn tiyo ya shiga har gindinta, don abin da murfi ya saki kada ya zuba gaban taya. Muka ɗaga gaban mota, muka bar ta tana aiki babu murfi har kalorsta ya buɗe, kumfar iska ta gama fita. Na kuma sa agogon zafi mai lamba, domin allurar asali ba ta motsi sai abu ya yi nisa.

Idan na haɗa, lagireton da kayansa sun ci sefa 133,000, ban da gasket, da wanki, da 15,000 da na bari a kas. Da zan sake daga farko, ga yadda zan bi: in lura ko a tsaye take zafi ko a guje, in duba kumfa a bakin lagireto, in canza murfi, in kai wa mai wanki, in gwada fanka, sannan in ɗauki tef. Mai yiwuwa wanda bai canza bututun salansa ba ya tsaya a nan, bai sayi sabo ba. Man da ake sha ma yana da hannu, na daina zuba zuwa-zuwa, wato man sumoga na bakin titi, ranar tsere, don inji mai turbo idan ya fara ƙwanƙwasa zafinsa hawa yake.

A ƙarshen Afirilu, kafin ruwan farko ya sauka, na fitar da ita tsakar gida da ƙarfe 2 na rana, na bar ta tana aiki minti 20 da bonet a rufe. Ta kai 94, fanka ta tashi, ta sauko 89, ta ci gaba da kai-komo a tsakanin nan. Ranar Asabar na kai ta fili na yi gudu biyar. Bayan kowane gudu lamba tana hawa zuwa 98 ko 99 a hanyar dawowa, in na tsaya na kunna fanka sai ta sauko ƙasa da 90 cikin minti huɗu. A gudu na biyar na jima a layi fiye da ranar da ta tafasa, idona a kan agogo, ba ta wuce 95 ba. Da yamma bayan ta huce na buɗe murfi, ruwa yana nan a bakinsa, wanda ya shiga gora ya koma. Yanzu duk ranar Juma'a nakan hura wa fukafukan iska daga baya zuwa gaba, kuma na yi wa Baba alkawarin kawo masa shi ya duba idan hunturu ya wuce.